Ƙoƙon Gwiwar Bunduƙ

Dakta Nahed tana wanke hannu a asibitinta na dabbobi da ke unguwar Ibrahimiyya a Iskandariya, sai wani tsoho dogo mai baƙar kwat ya shigo rungume da ɗan farin kare. Kallo ɗaya ta gane shi. Farfesa Ramzi Wasif ne, wanda ya shekara arba'in yana yi wa mutane aikin ƙashi kafin ya yi ritaya.

"Ba ciwon na zo ki gaya mini ba, 'yata," in ji shi. "Ƙoƙon gwiwarsa ne ke gocewa. Na zo ne in ga hannun da zai taɓa shi."

"Ga hannun nan, Farfesa. Sauke shi ya taka mu gani. Yaya sunansa?"

"Bunduƙ. Na matata ne, Madam Ivon. In wani abu ya same shi, gidan ba zai zaunu ba."

Karen ya yi taku biyar lafiya, sai ya ɗage ƙafar baya ta hagu ya ci gaba da ƙafa uku. Nahed ta ɗora shi a tebur, ta tura ƙoƙon da babban yatsa. Ya koma mazauninsa, tana saki ya sake zamewa ciki. Hoton ƙashi ya tabbatar mata da abin da yatsanta ya ji: kwarmin da ƙoƙon ke zama a ciki ya shafe, ba shi da zurfi.

"Zan zurfafa kwarmin," ta ce, "in matsar da inda jijiyar ta kama ƙashin ƙwauri, in kafe shi da siraran ƙusoshi biyu."

"Ƙashi kamar tsinken sakace? Zai tsage miki."

"Na yi wa sama da ɗari uku. Kai nawa ka yi wa masu jela?"

Tsohon ya ƙura mata ido, sannan ya yi dariyar da ta girgiza kafaɗunsa. "Ko ɗaya."

Ranar Talata da hantsi aka yi aikin. Farfesa ya nemi ya shiga ɗakin aikin, ta miƙa masa kofin shayi ta nuna masa kujera. A ciki kuwa, ƙashin ya fi yadda ta zata laushi, har ƙusar farko ta ƙi kamawa. Ba ta ɗaga kai ba. Ta zare ta, ta sauya mata kwana, ta ƙara da siririyar waya. Ta lanƙwasa ƙafar ta miƙe sau ashirin, ƙoƙon yana tafiya a hanyarsa sumul, sannan ta ɗinke.

Da ta fito ta gaya masa komai, har zancen ƙusar. Ya daɗe yana duban sabon hoton a hasken taga.

"Da ni ne, nan zan sa ta," ya ce a hankali.

"To, naka aikin yanzu ya fara. Sati shida ba tsalle, ba hawa kujera, ba matakala."

A hawa na huɗu Farfesa da matarsa suke zaune. Kullum sau uku Farfesa ke saukowa da Bunduƙ a hannu, mai gadin gidan yana tsokanarsa wai ya samu sabon ubangida.

A sati na bakwai karen ya shigo asibitin da ƙafafunsa huɗu, yana jan tsohon da igiya. Nahed ta matsa gwiwar ta kowane ɓangare, ƙoƙon bai goce ba. Amma da ta ɗora shi a sikeli sai ta haɗe rai.

"Ya ƙara nauyi. Wa ke ba shi kayan zaƙi irin su basbusa?"

Farfesa ya hau gyara wuyan kwat. "Ivon ce. Wai maras lafiya ne."

"Ya warke. Ƙiba za ta ɓata mini aiki. Kira mini ita."

"Ke za ki faɗa mata?"

"Ni kuwa."

Ya danna lambar da sauri, ya miƙa mata wayar, ya ja kujera ya zauna don ya ji yadda za su ƙare.