Wuta a Hannun Barau

Barau mahauci ne a kasuwar Dutse, amma da zarar kaka ta yi sai wuƙa ta huta, hannu ya kama aiki. Ɗan dambe ne, kuma ba na wasa ba. Mijin yayarsa Hassana, wato Yahuza, shi ma ɗan dambe ne a wani ƙauye can wajen Buji, ya girme shi, ya kuma riga shi yin suna. Sai dai Yahuza ido ɗaya gare shi. Na hagu a fagen dambe aka tsiyaye shi tun yana saurayi. Na daman ne ya rage, da shi yake noma, da shi yake ganin 'ya'yansa.

To, kun dai san irin wasan da ke tsakanin mutum da mijin yayarsa. In sun haɗu babu mai raga wa wani. Yahuza ya ce da Barau hannunsa bai iya komai ba sai jeme fata, Barau ya ce tsoho ya koma gida ya yi renon awaki. Makaɗa kuwa, Allah ya shirye su, da suka ji haka sai suka ɗauki zancen suka zuba a kalangu. Suka yi ta zuga har wasa ya zama magana, aka ce ranar kasuwar ƙauyen su Yahuza bayan la'asar za a raba gardama.

Da hantsin ranar Hassana ta tare ƙanenta a zaure, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

"Barau, ni ban isa in hana ku haukanku ba. Ka doke shi a ƙirji, ka doke shi a haƙarƙari, in ka ga dama ka zubar masa da haƙora, dama goro ya gama da su. Amma idon nan, ka bar mini shi."

"Haba Yaya, ni mahaukaci ne?"

"Ka ce wallahi."

"Wallahi ba zan taɓa masa ido ba."

Sai a nan ta sake shi, ta kawo masa fura.

Aka share fili a bayan gari, wuri mai rairayi. Kafin a tayar da salla Yahuza ya biyo ta rumfar su Barau, yana taunar goro yana 'yar dariyarsa.

"Ƙanena, ka sha ruwa da yawa. Na je wurin malamina an yi maka aiki. Yau hannun nan naka wuta zai kama."

Kowa ya kwashe da dariya, har Barau. Ya jefar da dunƙulen tsumman da yake riƙewa a tafin hannu in za a ɗaure shi, ya tafi alwala.

Akwai wata 'yar ƙwaro da ke yawo a irin wannan rairayi. In ka gan ta sai ka ce tururuwa ce ta sami daula: gashi luf-luf kamar karammiski, ja da baƙi, da ɗigon fari a baya. Ba tururuwa ba ce, dangin rina ce da ba ta da fiffike. Jikinta tauri kamar tsakuwa, ko ka take ta a rairayi tashi take ta ci gaba da gudunta. Harbinta kuwa, wanda ya taɓa sha ba ya son a tuna masa. Ita ce ta zo wucewa, ta ga inuwa a cikin tsumman Barau, ta shige abinta.

Aka idar da salla. Baba Nata'ala, tsohon da ya koya wa Barau dambe, ya cusa masa tsumman a tafi, ya naɗe hannun da ƙyalle, ya bi da igiya yana ja yana ƙullewa har hannun ya koma kamar kan taɓarya.

Kalangu ya ɗauka, aka ja daga. Suka zaga juna, ƙura na tashi. Yahuza ya kai naushi, Barau ya goce, ya mayar masa da nasa a haƙarƙari, tim! Yana sauke hannun ya ji kamar an soka masa ƙusa mai wuta a tsakiyar tafi. Zafin ya bi ta gwiwar hannu ya haye kafaɗa ya tsaya masa a ƙeya. Bai gama shan wannan ba ya ji na biyu, a gindin babban yatsa. Ya dubi hannun, ɗauri lafiya lau, babu jini, babu ƙaya. Ya ɗaga kai, ga Yahuza yana yi masa murmushi.

Nan maganar ɗazu ta faɗo masa. Wuta zai kama. Ashe ba wasa ba ne? Ashe mutumin da yake cin tuwon yayarsa shi ne ya kai sunansa wurin malami don a nakasa shi?

Aka raba su don a huta. Gumi yana zuba daga jikinsa. Baba Nata'ala ya ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Lafiya, Baba." Ɗan dambe ba ya cewa a kwance masa hannu a tsakiyar wasa, sai a ce tsoro ne, makaɗa su yi shekara suna waƙarsa. Ya cije, ya koma fili, abin yana ta sara a cikin dunƙulen, kuma duk sanda ya matse don zafi sai a ƙara masa.

Shi kuwa Yahuza, matarsa ta gaya masa rantsuwar da aka yi mata. Saboda haka ya sauke hannun kariyarsa yana tsare haƙarƙarin da ya sha duka, ya bar fuska a buɗe. Wa zai ji tsoron wanda ya rantse?

Barau bai ga mijin yayarsa ba, bai ga rantsuwa ba. Ya tattara zafin nan gaba ɗaya ya sauke a kan idon dama. Ƙarar ta fi ta kalangu. Yahuza ya yi baya taga-taga, kafin ya kai ƙasa Barau ya ƙara masa a wuri ɗaya, igiyar ta tafi da fatar gira. Ya faɗi rigingine, jini da wani ruwa suna bin kumatunsa suna shiga kunne.

"Asiri ya yi mini!" Barau yana ihu yana ɗaga hannu sama. "Asiri! Ku zo ku gani!"

Wuri ya kacame. Mahautan Dutse suka zari itatuwan rumfa, mutanen garin su Yahuza suka zari sanduna. Aka fasa wa wani makaɗi kai da kalangunsa, wani ya faɗa kan kaskon mai tuyar awara. Baba Nata'ala ya danne Barau a ƙasa, ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya warware ƙyallen. Tafin ya kumbura ya yi jajur. Ya girgiza tsumman, sai ga 'yar ƙwaron nan ta faɗo, tana wani ɗan kuka tsit-tsit, ta bi rairayi da gudu.

Tsohon ya bi ta da kallo, sannan ya dubi Barau. "Ga malamin naka can," in ji shi. "Kaico, ɗan nan. Kaico!"

Washegari Barau ya je asibiti a Dutse. Ya daɗe a bakin ƙofa kafin ƙafarsa ta yarda ta shiga. Likita ya riga ya gaya wa su Hassana idon ya tafi, babu abin da za a yi. Hassana tana zaune a gefen gado da kofi a hannu tana ba mijinta kunu. Ta ga ƙanenta, ta mayar da kai ga kofin.

Barau ya yi sallama.

"Barau ne?" in ji Yahuza, kansa naɗe da farin ƙyalle. Ya miƙa hannu yana lalube a iska, can gefen da babu kowa. Barau ya matsa ya ba shi nasa. Yahuza ya riƙe, ya shafa tafin, ya shafa yatsun da suka kumbura suka ƙi lanƙwasuwa.

"Subhanallahi. Ƙanena, me ya sami hannunka haka? An sa maka magani kuwa?"

Barau ya sunkuyar da kai. Hassana ta ajiye kofin a ƙasa a hankali.

"Yana tambayarka," ta ce. "Ka ba shi amsa mana."