Wa Ke Riƙe da 18416?

Kishi ba ruwansa da ilimi. Wani malamin lissafi, da digirinsa biyu da furfurarsa, kofin shayi ne ya hana shi sukuni.

Matarsa ma malamar lissafi ce, a wata makarantar daban. Wata safiya ta wanke sabon farin kofinta ta kife, sai ya hango an rubuta 17296 a gindinsa. Ba fure, ba suna, lamba kawai. Da ya tambaya, murmushi ta yi ta ce, "Kai ne babban malami, sai ka gano mana."

To, an sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ja kujera ya hau farfasa lambar: sha shida sau ashirin da uku sau arba'in da bakwai. Ya jera duk lambobin da ke raba ta ba saura, ban da ita kanta, ya tara su, suka ba shi 18416. Ya yi wa wannan ma haka, sai ga 17296 ta dawo. Irin waɗannan su ake kira lambobin aminai, kowacce na ɗauke da 'yar'uwarta a cikinta, kuma ba mai hankalin da zai yi kofinsu guda ɗaya. Ke nan akwai wani ƙato a garin nan da ke kurɓar shayi da 18416.

Zarginsa ya sauka kan sabon malamin makarantar matar tasa, wani dogo mai yawan turare, wanda kullum take yabon kaifin ƙwaƙwalwarsa. Maigidan, bawan Allah, ya wanke ƙafa ya je makarantar, wai aron littafi ya zo. Ya shiga ɗakin malamai yana ɗaga kofunan mutane ɗaya bayan ɗaya yana leƙa gindinsu, har na dogon, wanda ba komai a ƙasansa sai tsohon shatin shayi. Kowa ya zuba masa ido. Ita kuwa tana tsaye a bakin taga, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da yamma ta haɗa masa shayi ta ajiye a gabansa. Ya kasa haƙuri.

"Ki faɗa min tsakaninki da Allah, wa ke riƙe da ɗayan?"

"Baban yara, shanye shayinka ka kife kofin."

Bai ma jira ya huce ba, ya kwankwaɗe shi yana ƙona harshe, ya juya kofin. Ga ta nan ɓaro-ɓaro, 18416.

"Tare na sa aka yi mana su, tun ranar kuma da shi kake sha," in ji ta. "Na ce mijina zai gane lissafin, ka kuwa gane shi tsaf. Ni ce dai ba ka gane ba."

Kunya ta kama shi. Ta ɗauki nata kofin ta zuba cokula a ciki, ta tura shi can ƙuryar kabad, ta zuba shayinta a kofin roba na yara.