Sili Ɗaya a Gindin Kwando

Tun da ɓarin jikin Kaka Ozelie ya shanye, ni ake aikawa fadamar gishiri in tsinko ganyen dahuwa da muke kira pas-piyar don walimar coci. Ranar walimar, da teku ta janye na shiga, laka har gwiwa, na ciko kwando biyu. Gwaggo Exilda ta ɗauraye, ta juye a babbar tukunya kan dankali da naman alade.

Ina kakkaɓe kwando na ga sili ɗaya ya maƙale, siriri, ba shi da kwarin da ganyen pas-piyar ke da shi a tsakiya. Akwai wata ciyawa mai kama da ganyen, wuri ɗaya suke tsirowa, ita ke kashe tumaki. Da can Kaka ke zama ta tsince ta kafin a dafa. Bana ba wanda ya tuna.

Na kai wa Kaka a keken guragunta. Ta murza da hannunta mai lafiya, ta sunsuna, bakinta ya yi ta motsi, sai yawu. Na ce, "Kaka, ita ce?" Ta matse min yatsa. Ban san ko i take nufi ba, ko a'a.

Na tsaya bayan Gwaggo har sai da ta waiwayo.

"Aldea, me kike tsaye a kaina kamar bishiya?"

Na miƙa mata silin, na yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, ba na jin raɗa."

"Kamar mai kashe tumakin nan ce, Gwaggo. Ban san ko akwai saura a tukunya ba."

Ta juya silin, ta nuna wa Philomene mai yanka burodi.

"Ni duk ciyawa ce a idona," in ji Philomene. "Mijina dai ya fi tunkiya taurin rai, a fara zuba masa."

Suka yi dariya. Gwaggo ta leƙa tukunya, ganyen ya riga ya narke.

"Mutum tamanin ne a zaune. In zubar saboda kamar?"

"To bari in fara ci, a ɗan jira a gani."

"Ci mana, dama yunwa ce."

Na ci a tsaye, ina sauraron ƙirjina. Ban kai rabin kwano ba Fada, limamin cocin, ya gama addu'a, aka ja kujeru. Yara ne a gaban layi, kowa da farantinsa, Gwaggo ta tsoma ludayi.