Hannun Marini

Allura ta shiga karo na biyu, nan ma ba ta samo komai ba. Lawal ya zare ta, ya goge gumin goshinsa da kafaɗa, ya sake duban hannun da ke miƙe a kan cinyarsa. Hannun Sabo ne, marinin da ya shekara talatin yana tsoma shi cikin ruwan baba a Ƙofar Mata. Tun daga farce har sama da gwiwar hannu shuɗi ne mai duhu, har ƙyalli yake yi. Likita Bature ya koya wa Lawal a ɗaure dantse da igiyar roba, a jira jijiya ta taso, a gan ta, sannan a soka. Sai dai ba a hannun marini aka yi wannan koyarwa ba.

A shekarar nan ne aka ce za a ɗebi jinin mutanen birni a aika da shi Ikko, a duba ciwon shawara. Sai da Mai Unguwa ya kwana uku yana lallashi kafin mutum goma sha biyu suka yarda su zauna a zaurensa, domin rabin marina sun riga sun gama yanke hukunci cewa da jinin mutane Turawa ke rina mulufi. Likita ya ɗebi na mutum biyu da kansa, ya hau doki ya wuce Koki, ya bar wa Lawal sauran.

"Ɗan wanzami," in ji Sabo, "ubanka ko ido rufe yana cire beli. Kai kuwa tun hantsi kake tona ni kamar mai roron gyaɗa."

Zaure ya ɗauki dariya. Lawal ya ji dariyar har cikin ƙashinsa, domin duk waɗannan mutane sun san shi tun yana riƙe wa mahaifinsa zabira, kuma ba su gama yafe masa farar rigar asibiti ba. Ya danna yatsa a lanƙwasar hannun, ta gefen da ke kusa da jiki. Ya ji wani abu can ƙasa, mai kauri kamar igiya. Bai tsaya ya ji ko a kwance yake ko motsi yake yi ba. Ya soka.

Jini ya hau cikin sirinji da kansa, ba tare da ya ja ba, yana tura murfin baya, tsalle bayan tsalle. Na mutanen farko duhu gare shi kamar jiƙon zoɓo. Wannan kuwa ja ne jawur.

"Yauwa, ka ga an samu," in ji Mai Unguwa.

Lawal ya san abin da ya samu. Ba jijiyar da ake nema ba ce, babbar ce mai bugawa, wadda ke kai wa hannu jini. Ya kuma san ƙa'ida: a danne wurin da ƙarfi, a daɗe ana dannewa, kuma hannun kada ya ɗauki ko buta a ranar. To amma in ya yi haka sai an tambaye shi me ya sa bai yi wa na baya ba. Ya danna auduga na ɗan lokaci, ya naɗe da bandeji.

"Baba Sabo, yau dai ka huta."

"In huta? Turmi huɗu na baro cikin baba. Kai za ka tsamo mini?"

Sabo ya saɓa rigarsa ya fita. Lawal ya ce zai wanke allura, ya zagaya bayan zaure, ya tsiyaye jinin a ƙasa, ya tura turɓaya a kai da ƙafa. Likita na ganin launinsa zai gane.

Bayan azahar ya gama da sauran, ya jera kwalabe a akwati. Hanyar asibiti daban take, amma ƙafarsa ta kai shi karofi. Marina na ta aiki, wasu na juya baba da muciya, wasu na shanya, ramin Sabo kuwa ba kowa a bakinsa. Wanda ke ramin kusa ya ce masa ai Sabo zane biyu kawai ya matse, hannu ya haye, ya ce yatsunsa sun mutu, aka raka shi gida aka aika kiran wanzami.

"Wane wanzamin?"

"Da wani ne a unguwar nan ban da ubanka?"

Lawal ya rungume akwati ya zuba da gudu, kwalabe na kaɗawa.

Ya tarar da Sabo kishingiɗe a soronsa, mutum huɗu tsaye a kansa. An kwance bandejin. A lanƙwasar hannun wani kumburi ya taso kamar goruba, fata ta ɗaure tana sheƙi. Malam Ado, mahaifin Lawal, na tsugune ya buɗe zabira, ya ajiye ƙaho a gefe, yana wasa aska a kan fata. Yana gaya wa mutane cewa mataccen jini ne ya taru, allurar Nasara ta kan yi haka, da an yi sakiya ya fita shi ke nan.

Ko da zai taɓa wurin da kyau kafin ya tsaga, ko ba zai taɓa ba, wannan Allah ne Ya sani. Mutumin da ya yi sakiya dubu yakan ɗauka ta dubu da ɗaya ma irinsu ce. Abin da Lawal ya sani shi ne, in askar nan ta shiga, jinin da zai fito ba ƙaho ne zai tare shi ba.

Tun da aka haife shi bai taɓa katse mahaifinsa ba, balle a gaban mutane. Ya ajiye akwati, ya durƙusa.

"Baba, kada ka tsaga."

Askar ta tsaya a kan fatar wasawa. Malam Ado bai taɓa kiran sunan Lawal ba, saboda ɗan fari ne, yau ma bai kira ba.

"Kai, a asibitin ne aka koya maka yi mini magana ina riƙe da aska?"

"Ka gafarce ni, Baba. Ɗora yatsa a tsakiyarsa ka ji."

Tsohon ya dube shi, ya dubi mutane, sannan ya ɗora yatsu biyu a kan kumburin. Kowa na ganin yatsun suna ɗan ɗagawa suna sauka. Ya ninke askar ya mayar cikin zabira.

"Mai bugawa ka soka."

"I, Baba."

"Tun da safe ka sani?"

"Na sani."

"Ka kuma bar shi ya je ya matse zane."

Malam Ado bai ƙara ba, domin ba mai yawan magana ba ne, kuma aikin da ke gabansa ya fi faɗa muhimmanci. Ya lalubi cikin dantsen Sabo, sama da kumburin, ya matse jijiyar a jikin ƙashi, ya kamo hannun ɗansa ya ɗora a wurin. "Riƙe nan. Ka saki, kai ka sani." Aka samo jaki aka ɗora Sabo, wani ya ɗauko akwatin. Haka suka ratsa lungu, uban na jan jaki, ɗan na tafiya a karkace yana riƙe da dantse, mutane na leƙowa daga soraye.

Likita ya dawo daga Koki ke nan. Ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa, Lawal ne tafintansa, saboda haka laifin da ya faɗa da Hausa a soro sai da ya sake faɗarsa da Turanci, da bakinsa, bai rage komai ba. Bature ya saurara, fuskarsa ta yi ja, ya ce maganarsu tana gaba. Aka shigar da Sabo ɗakin tiyata aka shaƙa masa magani.

La'asar ta yi sanyi aka fito da shi. Likita ya buɗe wurin, ya kwashe gudan jinin, ya ɗaure jijiyar. Ya ce akwai ƙananan hanyoyi da jini kan bi ya zagaya. In ya bi, hannu ya tsira, in bai bi ba zuwa gobe sai a yanke daga gwiwa. Ya kama farcen Sabo ya danna, yadda ya saba yi don ya ga ko launi zai dawo. Farcen shuɗi ne kafin ya danna, shuɗi ne bayan ya saki. Ya gwada na biyu da na uku, ya faɗi wata kalma da Lawal bai fassara ba. Ya taɓa wuyan hannun bai ji komai ba, ya ce a kira shi in an ga canji, ya fita.

Suka zauna, uba a gefe ɗaya na gado, ɗa a ɗayan. Lawal na tsoron hannun nan fiye da yadda yake tsoron kora. Marini mai hannu ɗaya ba marini ba ne, ko mayafi ba zai iya matsewa ba. Jim kaɗan ya ɗora babban yatsansa a wuyan hannun, ya ji bugu, ya zabura.

"Baba, ga shi nan!"

Malam Ado ya ture yatsan. "Naka kake ji. Ba a ji da babban yatsa. Tun kana shekara tara na gaya maka."

Ya jera yatsunsa uku a wurin, ya rufe ido. Ya daɗe a haka har Lawal ya zaci gyangyaɗi yake yi. Rana ta sauka daga taga zuwa bango. Ya ɗaga, ya murza tafin hannun Sabo, ya sake mayarwa.

"Yana nan," in ji shi. "Kamar tafiyar kiyashi, amma yana nan. Kawo hannunka."

Ya ɗora yatsun Lawal inda nasa suke. Da farko ba komai. Can sai ga shi, siriri, yana zuwa yana ɓacewa.

Sabo ya farka yana ƙaƙarin amai. Da ya natsu aka ce ya motsa yatsu. Ƙaramin ya motsa, na kusa da shi ya motsa, na tsakiya ya ɗan yi rawa. Babban yatsa da manuni suka ƙi. Likita da aka kira ya ce mai yiwuwa su dawo bayan damina, mai yiwuwa kuma a haka za su zauna. Lawal ya fassara wannan ma.

Sabo ya daɗe yana kallon yatsun nan biyu, waɗanda da su ake kama bakin zane a murɗa. Sannan ya yi ajiyar zuciya.

"To, alhamdu lillahi. Ai dai Bature ya sami jinin da yake nema."

Lawal ya dubi mahaifinsa. Tsohon na ɗaure bakin zabira, bai ɗago ba.

"Bai samu ba, Baba Sabo. Na zubar da shi a bayan zauren Mai Unguwa."

"Ka zubar," in ji Sabo.

Ya dubi akwatin kwalabe da ke ajiye a bakin ƙofa, ya dubi Lawal. A hankali ya janye hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya tura shi ƙarƙashin bargo.