Ƙwayoyin Hawan Jinin Inna

Mai kantin maganin ya dubi kwalin da Auta ta ajiye a gabansa, ya dubi takardar likita, ya girgiza kai.

"Malama, wannan na wata guda ne, watan kuwa ko rabi bai yi ba. Ba zan sake bayarwa ba sai lokaci ya yi."

"To ina ƙwayoyin suka tafi? Guda ɗaya mahaifiyata take sha kowace safiya. Ko dai ba a cike kuka ba ni ba?"

"A rufe na ba ki kwalin. Ki je ki tambayi mutanen gidanku."

Maganar ta yi wa Auta zafi, musamman da yake akwai mutane a bayanta suna saurare. Ta gaya masa hawan jini ba ya jiran ƙarshen wata, kuma tun jiya tsohuwar take fama da ciwon kai. Shi kuwa tuni ya miƙa hannu ya karɓi takardar wanda ke bayanta.

A gida ta tarar da Inna a kan kujera, ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali. Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifin Auta, tana zaune kusa da ita tana fifita.

"Yawwa, ga 'yar albarka," in ji Gwaggo. "Kin karɓo mana? Kwana biyu ban sha ba."

Auta ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Mana? Gwaggo, me kike sha?"

"Farin nan ƙarami na innarki mana. Yana kwantar da kai. Sai dai in na miƙe duniya ta riƙa juyawa, amma wannan tsufa ne."

Inna ta shiga gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

"Inna, wa da wa kika ba?"

"Ke, kar ki yi mini tsawa a ɗakina."

"Ba tsawa nake yi ba, tambaya nake. Wa da wa?"

Gwaggo ce ta amsa, ba tare da ta ga laifin kowa ba. Akwai matar tela, akwai mai wankin da ke zuwa, akwai kuma wata baƙuwa da ta zo gaisuwa ta ce ƙeyarta na sara.

"Mutum ya shigo gidana riƙe da kai, magani yana ƙarƙashin matashina, in ce masa babu?" in ji Inna. "Ba haka aka rene ni ba."

"Innalillahi! Inna, alewa ce? Likita jininki ya auna, ba na matar tela ba. Ga Gwaggo tana neman faɗuwa, ke kuma kin zauna babu ko guda. Ni kuma na je na ce da mutum bai cika kwali ba, a gaban jama'a!"

Ta ɗauko musu mayafai, ba ta saurari ƙorafin kowa ba, ta tasa su gaba har kantin.

Ta fara da ba mai kantin haƙuri a taƙaice, domin ita ma ba ta huce da shi ba. Ya auna jinin Gwaggo, ya ce ya yi ƙasa ƙwarai, kada ta ƙara taɓa ƙwayar. Da ya auna na Inna sai ya ɗauki waya ya kira likita. Likitan ya amince a ba ta, amma na mako ɗaya kawai kowane zuwa, kuma a hannun 'yarta zai zauna.

"Wato ni ce yarinyar yanzu," in ji Inna. "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Auta ta ɓallo ƙwaya guda, ta karɓi ruwa, ta miƙa mata. Inna ta yi bisimilla ta haɗiye, sannan ta buɗe tafin hannu tana jiran sauran. Auta ta jefa su a jaka ta ja zif.

Inna ta kama hannun Gwaggo suka yi gaba. Har suka isa gida ba ta waiwayo ba.