Ƙofar Sito da Aka Shafa wa Mai

Wani dare, bayan an kwashe kwanukan abinci, Mai Gyara ya ji tsuntsu a cikin gidansa. Ba irin ɗan tsuntsun nan ba ne da kan yi ɓatan kai ya faɗo ta taga. Wannan babba ne, mai nauyin fukafukai, yana ta yunƙurin tashi, bup, bup, yana sauka. Gidan nasu kuwa a hawa na uku yake, ɗaki biyu da falo da ɗan sito, ko kyanwa ba su ajiye ba.

Ya ɗauki tsintsiya ya bi ƙarar har ɗakin 'yarsa. Da ya tura ƙofa sai ya ga Auta tsaye a tsakiyar ɗaki, idonta a kan kwamfuta, tana buɗe tsohuwar lemarsa tana rufewa. A cikin kwamfutar wata ungulu ce ke tashi daga kan gawar jaki, ba ta da ƙara ko kaɗan sai wadda lemar ke ba ta.

"Ke, mene ne wannan?"

"Ungulu ce, Baba."

"Lemata ce."

"Da rana lemarka ce," in ji ta.

A daren nan ya san irin aikin da take yi. Ashe masu fim hoto kawai suke kamawa da kyau. Takun ƙafa, da karyewar ƙashi, da motsin riga, duk daga baya wani ke zama a ɗaki ya ƙirƙiro su. Auta ta nuna masa kwalin da ke ƙarƙashin gadonta: takalman maza wari-wari, tsakuwa a tire, sarƙar keke, safar hannu ta fata, har da karas. Da karas ake karya wuyan mutum. Ya daɗe yana kallon karas ɗin.

Mai Gyara a wani babban otal yake aiki, kuma tun yana saurayi abu ɗaya ake biyansa ya yi: ya kashe ƙara. Famfo ya ɗiga, a kira shi. Fanka ta yi gunaguni, gado ya yi ƙara, taga ta yi karkarwa, shi ne. Yakan ce ɗaki mai kyau shi ne wanda baƙo zai kwana bai san akwai ɗaki ba. Sai ga shi Allah ya ba shi 'ya mai bin ƙara tana tsincewa kamar kaza a bakin masussuka.

Matarsa nas ce, kuma ba ta da lokacin al'ajabi.

"Wannan da kake gani, kai ka bar ta," in ji ta da safe tana ɗaura takalmi. "Mun biya mata karatun akanta don ta riƙa tauna karas a bakin makirfo? Yayana ya riga ya gama magana. Ofishin fansho, kujera da tebur, ran Litinin zai zo da kansa ya kai ta. Aikin da ko mutuwa ka yi sai an aiko da takarda kafin a kore ka."

"Ai ban ce komai ba."

"Shi ne matsalar. Kai kullum ba ka ce komai ba. Ƙofar siton nan tun Auta tana rarrafe nake ce ka gyara. Ka gyara wa duniya, gidanka na kuka."

Gaskiya ta faɗa. Ƙofar sito tana da murya. Idan aka tura ta a hankali takan fara da ƙasa-ƙasa kamar tsoho zai miƙe, sai ta hau, ta yi siriri, a ƙarshe ta yi wani ɗan tari ta yi shiru. Ƙofofi duka suna da halinsu, akwai mai tsegumi akwai mai munafunci, amma irin wannan da ke faɗin magana har ta kai aya ba su da yawa. Mai Gyara bai taɓa gaya wa kowa ba, amma ba mantuwa ce ta hana shi gyara ta ba.

Muryar nan ce Auta ta ɗauka a wayarta ta kai wa wani darakta. Fim ɗinsa yana da wuri guda inda wata mata ke komawa gidan da aka rufe shekara da shekaru, kuma duk ƙofar da aka kawo masa ya ce ƙarya take yi. Da ya ji ta siton sai ya ce wannan ce. Amma a wayar har da kukan babur da muryar mai tallan ruwa. Ya ce ta ɗauko ta tsaf da makirfo na ƙwarai, ta kawo ran Litinin da safe. In ta yi, ƙarar fim ɗin gaba ɗaya tata ce. Bayan fim ɗin kuma? Bai ce ba.

A bakin teburin abinci Auta ta faɗa, ba ta ɓoye ba.

"Litinin ɗin da kawunki zai zo?" in ji uwar.

"Ita, Mama."

"To ke biyu ce?"

"Ni ɗaya ce. Shi ya sa nake gaya muku tun yanzu."

Uwar ta kalli mijinta. Shi kuwa yana tuna mutanen da ya gani a otal: mawaƙa da 'yan wasa da kan sauka a ɗakin sama da kwat mai sheƙi, bayan wasu shekaru su dawo ƙofar baya suna tambayar ko ana neman mai wanke kwanuka. Ya taɓa riƙo hannun wasu ya kai su wurin shugaban kicin. Bai so wata rana wani ya riƙe hannun Auta haka ba.

Ran Asabar, da ta fita aro makirfo, ya ɗauko gwangwanin mai da sukundireba. Ya tura ƙofar sau ɗaya ya saurare ta har tarin ƙarshe. Sannan ya ɗiga mai a hinjin sama, ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kai, ya ɗiga a na ƙasa, ya ɗaure sukurun da suka saki, ya goge da tsumma. Aikin bai kai shan shayi ba. Ƙofar ta buɗu kamar ana yanka man shanu.

Auta ta dawo da jaka a kafaɗa. Ta rufe tagogi, ta kashe firiji, ta shimfiɗa bargo a ƙasa, ta kafa makirfo, ta sa abin ji a kunne. Ta tura ƙofa. Ta jawo ta sake turawa. Ta duba wayar makirfon ko ta cire. Sannan ta sa yatsa a hinji ta shinshina.

"Baba, kai ne?"

"Ni ne."

"Mama ce ta sa ka?"

"Babu wanda ya sa ni. Ƙofata ce, a gidana take."

Ya yi zaton za ta yi kuka, har ya tanadi abin da zai ce. Ba ta yi ba. Ta cire abin kunnen ta naɗe wayarsa a hankali.

"Kana tsammani saboda ƙofa zan je wurin Kawu?"

"Ina tsammani kin girma. Wannan mutumin fim ɗaya ya yi miki alkawari. Ofis kuwa har tsufanki."

"Shi nake tsoro."

"Ni na yi aiki wuri ɗaya duk rayuwata, ban mutu ba."

"Ba ka mutu ba, Baba. Amma me ya sa ka bar ta tana kuka duk shekarun nan, alhali gwangwanin man yana cikin siton?"

Ya juya ya nufi kicin. Ya ce a kunna firiji kafin nama ya lalace.

Lahadi gaba ɗaya a gindin ƙofar Auta ta yi ta. Ta wanke hinjin da kananzir, ta wanke da sabulu, ta zuba ruwan gishiri ta sa fanka ta busar. Uwar tana wucewa ta ce, "In kin gama yi mata wanka ki shafa mata hoda." Mai Gyara yana zaune a falo da jarida, ko layi ɗaya bai shiga kansa ba. Ya san duk wahalar banza take yi, don tsatsa take nema, muryar kuwa ba a tsatsa take ba. Harshensa ya yi ta ƙaiƙayi. Ya danne shi da shayi.

Litinin da safe motar Kawu ta tsaya a ƙasa ta yi hon. Uwar ta goge wa Auta riga ta rataye a jikin kujera. Mai Gyara ya fito daga wanka, sai ya ga sito a buɗe hanhai, shinkafa da bokitai da tsofaffin akwatuna duk a fili. Ƙofar tana jingine a falo, hinjinta na reto, sukurun kuma suna cikin aljihun Auta. Da sukundirebarsa ta cire.

"Ina za ki da ita?" in ji uwar.

"Situdiyo. Suna da katakon da ake rataya ƙofa. Can zan sa ta ta yi magana."

"In ta ƙi fa?"

"In ta ƙi, ta ƙi a gabansu. Amma ni ba zan hau motar nan ba, Mama, ko yau ko gobe. Ku ba Kawu haƙuri, ko in sauka in ba shi da kaina."

"Malam, kana ji?" in ji uwar.

Yana ji. Auta ta rungumi ƙofar ta ja ta zuwa matakala. Katako ne na da, mai nauyin tsiya. A mataki na farko gindinta ya bugi siminti, a na biyu fenti ya ɓare, wani ɗan sili ya tsage daga gefe.

"Ke! Haka ake sauko da ƙofa?" in ji uban.

Ba ta waiwayo ba, ta sake ja. Mai Gyara bai san lokacin da ya wuce ta ya kama gindin ba, da tawul a wuya da silifas a ƙafa.

"Kwantar da ita ta gefe. Ɗaga. Ba da baya ake ɗauka ba, da gwiwa."

Suka sauka hawa ɗaya. A kwanar hawa na biyu suka tsaya juya ta.

"Kada ki ɗauka na yarda," in ji shi.

"Na sani."

"Wauta kike yi. Za ki ji yunwa."

"Wataƙila."

Suka ci gaba. Daga sama uwar tana kiran sunansa, daga ƙasa hon yana ƙara tsawo. Ya yi magana yana kallon bango, kamar da bangon yake.

"Sukurun sama guda biyu, kada ki ɗaure su har ƙarshe. Ki bar ta ta rataya, nauyinta ya zauna a kan na ƙasa. Ki zare ƙusar tsakiyar hinjin ki goge da alli."

"Baba..."

"Kalli gabanki, za ki taka ni."

Suka fito titi. Kawu yana tsaye cikin kwat, ya buɗe ƙofar baya ta mota yana jira. Ya ga surukinsa da tawul, ya ga 'yar ƙanwarsa da wandon aiki, ya ga ƙofa a tsakaninsu.

"Ina kwana, Kawu," in ji Auta. "Na gode ƙwarai, amma ba zan zo ba. Laifin nawa ne, ba na Mama ba."

"Kin san mutum nawa ke neman kujerar nan? Kin san ƙafar wa na kama?"

"Na sani. A ba wanda zai zauna a kanta."

Kawu ya juya ga Mai Gyara. "Kai kuma kana riƙe mata?"

"Ƙofata nake riƙe wa," in ji shi.

Auta ta ɗaga hannu ɗaya ta tsayar da wata motar ɗaukar kaya. Uwar ta sauko har bakin gini da rigar gogaggiya a hannu, ta tsaya nan. Suna cikin cicciɓa ƙofar sai tsohuwar da ke hawan ƙasa, wadda ba abin da ke wuce tagarta, ta ɗaga labule ta leƙo da kofin shayinta.

"Mai Gyara, wai tashi kuke yi ne, ko ƙofar ce kaɗai ta samu wani gidan?"