Lahadin da Manzo Bai Yi Shuka Ba

Tun ranar da Mushe Isufu ya manna takardarsa a ƙofar majami'a, Manzo ya tabbata mutumin nan bai taɓa riƙe sungumi ba. Lahadi huɗu a jere, kowace da baƙo mai wa'azi: ɗaya daga Madawa, ɗaya daga Tawa, ɗaya daga Maradi, na farkonsu kuwa wani babban fasto daga tsallaken iyaka. Kuma duk cikin watannin Allah goma sha biyu, Mushe bai ga wanda ya yi masa ba sai ƙarshen Yuni, don lokacin ne ake rufe lakwal ya sami hutu.

Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe; an turo shi daga birni zuwa wannan ƙauye na tsakanin Buza da Babankatami. Ya tarar da Kiristoci gida tara, duk manoma, suna sujadarsu a ɗakin laka shekara da shekaru ba mai rubuta musu tsari, sai abin ya tsaya masa a rai. Bai cika wata uku ba ya zama sakatare, muƙamin da shi ya ƙirƙiro, shi ya naɗa kansa.

Manzo, dattijon majami'ar, ya gaya masa cikin lalama cewa lokacin ruwan shuka ne, a bari sai an kai hatsi gida. Mushe ya yi masa irin murmushin da yake yi wa wanda ya kasa haɗa biyu da biyu, ya ce wasiƙu sun riga sun tafi, manyan mutane kuma ba a sauya musu rana. Ya ƙara da cewa Manzo ne zai sauki baƙin, tunda shi ne babba.

Shekarar 1985 ce, bayan farin da ya share rumbuna. Abin da ya rage wa Manzo iri ne cikin tukunya guda, wanda matarsa Sa'a ta liƙe da laka ta hana kansu ci ko da yunwa ta kai musu wuya. Shuka ɗaya zai yi, babu na biyu. Gonarsa kuma a gangaren dutse take, inda danshi ba ya kwana biyu.

Ruwa ya sauko ranar Asabar da yamma, daidai lokacin da Manzo ke janyo amalanke daga bakin hanya, babban fasto na zaune bisa ya lulluɓe jakarsa da rigar Manzo. Ruwa ne na gaske. Kafin rana ta fito ranar Lahadi gari ya watse, Musulmi da Kirista kowa ya nufi gona. Sa'a ta tsaya a ƙofar gida da sungumi da ƙwaryar iri tana jiransa, sai ga Mushe da takalmi mai sheƙi yana tsallake caɓi kamar kaza.

"Baba Manzo, in kai ma ka tahi, wa za shi zamna gaban baƙo?"

Manzo ya ji kamar ya kwaɗa masa sungumin. Amma a ƙasar nan mai masauki ba ya fita ya bar baƙonsa, ko da gidan na cin wuta, kuma Mushe ya san da haka, shi ya sa ya ɗora masa. Manzo ya ce wa Sa'a ta yi gaba, wa'azi ai ba ya wuce hantsi.

Baƙo bai tashi ba sai da hantsin ya yi. Ya nemi ruwan zafi na wanka, ya nemi shayi, ya sa aka nemo gawayi aka goge masa kwat. Da suka shiga majami'a, mutum huɗu ya tarar: Mushe, Manzo, Gogo Cima da ba ta gani, da wata ƴar'uwarta da ba ta ji. Fasto ya dubi bencina wayam, ransa ya ɓaci, ya ajiye wa'azin da ya zo da shi ya ɗauko wani a kan mutanen da suka fi son cikinsu da Ubangijinsu. Waɗanda ake zagi suna gona, waɗanda suka zo su suka sha zagin. Mushe na gyaɗa kai yana rubutawa. Manzo kuwa idonsa na kan hasken rana da ke shigowa ta taga, yana kallon yadda yake janyewa daga bango zuwa ƙasa. Bai ji haushin faston sosai ba, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Aka tashi bayan azahar. Sai abinci, baƙo kuma ba a barinsa ya ci shi kaɗai. Sai rakiya da amalanke har bakin hanya, a jira mota.

La'asar sakaliya Manzo ya isa gona. Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara ɗaya na zuba iri yana rufewa da diddige. Sa'a ita kaɗai ta yi ta yi, ta sara layi ta dawo ta zuba, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ta kai ba. Ba ta ce masa sannu ba. Ya durƙusa ya tona da hannu, ya ga iska da rana sun riga sun shanye saman ƙasar, ɗan danshin da ya rage na tsirar da iri ne ya ƙone shi. Suka mayar da sauran cikin tukunya.

Baƙi uku suka zo suka tafi, sama ba ta ƙara ɗigo ba. Geron mutane ya kai idon sawu yana jure wa rana, gonar Manzo kuwa fili ce ja, sai ɗan kore a gefe guda. Kowa ya san ko ruwan ya dawo yanzu, abin da aka shuka a makare da wuya ya nuna.

Lahadin ƙarshe majami'a ta cika, tunda babu aikin gaggawa. Mushe ya miƙe ya yi godiya da dogon Faransanci ya fassara wa kansa, sannan ya ce akwai mutum guda da ya nuna wa kowa abin da ake kira bangaskiya, wanda ya bar gonarsa saboda Maganar Allah. Ya sa Manzo ya tashi tsaye, ya ce a tafa masa. Aka tafa, kowa kansa a sunkuye.

Manzo ya jira har aka gama.

"Mushe, na gode. Taɓin ga, cikin wane rumbu za ni zuba shi?"

Mushe ya yi dariya shi kaɗai, ya ce a miƙe a yi waƙar rufewa. Sa'a ba ta miƙe ba.